Yaro Ya Gama Jami'a: Darasi Ga Uwayen Ƙasa Da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin hakimai, watau uwayen ƙasa kamar yadda ake kiransu a nahiyarmu, da kuma malamansu masu riƙe da alƙalami da hatimi, musamman na ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Maganar da za mu yi ita ce ta yaron da ya gama jami'a ya komo gida, da irin zaman da yake yi tun daga ranar da ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe har ranar da ya karɓi albashinsa na fari. Wani zai ce ina ruwan uban ƙasa da wannan, ai magana ce tsakanin yaro da Gwamnati. To, ba haka ba ne. Tsakanin waɗannan ranaku biyu yaron nan zai durƙusa a zauren uban ƙasa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kusan kowane zuwa takarda ce ke kawo shi. Abin da aka rubuta cikin takardar nan, da yadda aka rubuta shi, yana bin mutum har tsufansa.

Jiya da yau

A zamanin En'e mai ilmin boko ba ya yawon neman aiki, aiki ne ke nemansa. Bayan da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, ɗaliban da take yayewa ba su isa ko cike gurbin malaman makaranta ba, balle na ofisoshi. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, ta tsaya nan ba ta wuce ba, masu sayen gyaɗa da auduga suka yi ta bukatar akawu mai iya lissafi da riƙe littafi. Daga baya kuma, da Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta ɗauki manufar sa 'yan Arewa cikin ayyukan Arewa, sai ya zama wanda ya gama sakandare ma ba ya daɗewa a gida. A lokacin nan uban ƙasa yana da hannu dumu-dumu cikin al'amarin. Shi ke tara yaran da za a kai makaranta, sau da yawa ba da son iyayensu ba, kuma in ya sa baki a fada don a ɗauki yaro aiki, magana ta zauna.

Yau abin ya juya. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, aka kafa ta Sakkwato a 1975, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A nan gida aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983. Bayan an yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996, aka sami Jami'ar Tarayya a Gusau a 2013, da ta Jiha a Talatar Mafara a 2018. Wannan duk alheri ne, ba mai musu. Amma makaranta tana yaye ɗalibai kowace shekara, ofis kuwa ba ya haihuwar kujera kowace shekara.

Har wa yau, tun gyaran da aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi a 1976, ɗaukar ma'aikata ya fita daga hannun sarakuna ɗungum. Talakawa da yawa ba su gama yarda da haka ba. Shi ya sa za ka ga dattijo ya taso daga Kurya ko Badarawa ko Dauran, ya sa ɗansa gaba, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce ga yaro nan ya gama, a taimaka a sa shi wani wuri. A ganinmu, gara a gaya masa gaskiya tun a zaman nan, a kuma nuna masa abin da zauren zai iya yi masa, da a sallame shi da “a dawo jibi” har shekara ta juyo.

Tsawon karatu da jiran sakamako

Karatun digiri shekara 4 ne ga yawancin fannoni, 5 ga injiniya da lauya da mai nazarin aikin gona, 6 ga likita. Na kwaleji irin ta Ƙaura kuwa hawa biyu ne: shekara 2 a sami ƙaramar difloma, a fita a yi shekara guda ana koyon aiki, sa'an nan a komo a yi wata shekara 2 a sami babbar difloma. Haka abin yake a takarda. Amma yajin aikin malaman jami'o'i ya ci wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saboda haka wanda ya shiga a 2018 da niyyar fita a 2022 bai fita ba sai 2023 ko 2024. In ka haɗa da shekarun da ya ɓata yana maimaita jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB kafin ya sami gurbi, sai ka tarar wanda muke ce wa yaro ya doshi talatin, alhali tsararrakinsa da suka tsaya gona ko kasuwa suna da 'ya'ya biyu ko uku.

Kuma ko ya gama jarrabawa ba a ba shi takarda ran nan. Sai majalisar malaman jami'a ta zauna ta amince da sakamako, kana a aika da sunansa ga hukumar hidimar ƙasa, ita kuma ta gwada da rajistar JAMB ta ga ko ta ƙofa ya shiga jami'ar. Wannan yakan ci watanni. Iyaye da yawa a ƙauyuka ba su san haka ba, sai su fara zaton ko yaro ya faɗi ne yana ɓoyewa, ko kuwa korarsa aka yi. In irin wannan ƙara ta zo zaure, wajibi ne malamin uban ƙasa ya iya bayyana wa uba yadda abin yake tafiya, kada a shafa wa yaro baƙin jini cikin danginsa a banza.

Suna da shekarar haihuwa

A nan ne aikin malamai ya fi nauyi, don haka za mu ɗan daɗe a kai.

Mu fara da suna. Yaro guda, a makarantar firamare an rubuta shi Mamman, a sakandare ya zama Muhammadu, a jarrabawar fita sakandare wani malami ya rubuta masa irin rubutun Turawa, a banki kuma ya taƙaita shi da haruffa huɗu. Sunan uba ma haka: yau Abubakar, gobe Garba, jibi Buba. Bugu da ƙari, mutanenmu suna son liƙa sunan gari a ƙarshe, wannan Ƙaura, wancan Shinkafi, wancan Moriki, sai wata takarda ta ɗauka, wata ta bari. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne. Da can ma akawu ya sani, don shi ma ɗan gari ne. Amma yanzu ba akawu ke gwada takardu ba, kwamfuta ce, ita kuwa ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Da ta ga sunan da ke kan satifiket ya saɓa da na lambar ɗan ƙasa, ko na lambar banki, sai ta tsai da kome. Akan sami yaro ya rasa kiran hidimar ƙasa na zangonsa, ko albashinsa ya maƙale, a kan harafi ɗaya tak, sa'an nan ya shiga zirga-zirga tsakanin kotu da Gusau da jami'arsa yana neman gyara.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Kada malami ya rubuta sunan mai neman takarda da ka, ko da kuwa ɗan maƙwabcinsa ne. Ya ce a miƙo masa takardar sakamakon sakandare da katin ɗan ƙasa, ya ajiye su gabansa, ya kwafa harafi bayan harafi, suna bayan suna, yadda suka jeru. In ya ga sun saɓa wa juna, ya nuna wa mai su tun a nan, ya je ya daidaita kafin a ƙara wata takarda a kan ɓarna.

Shekarar haihuwa ta fi suna wuya. Yawancin waɗanda ke gama jami'a a 'yan shekarun nan daga ƙauyukanmu a gida aka haife su, ba a kai su rajistar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ba. Ranar da aka fara tambayar shekararsu, hedimasta ne ya dubi tsawonsu ya yanka musu. In ana son gaskiya sai an koma ga iyaye, su kuwa ba da lamba suke riƙe shekara ba, da abin da ya auku suke riƙewa. Uwa za ta ce tana goyonsa aka yi Jihar Zamfara, watau Oktoba 1996. Ko ta ce shekarar da Janar Abacha ya rasu, watau 1998. Ko ta ce tana da cikinsa aka yi taron ƙaddamar da Shari'a a Gusau, watau Oktoba 1999. Na baya-baya kuma su ce shekarar da Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a haɗarin jirgin sama, watau 2006. Kyakkyawan malami yakan ajiye jerin irin waɗannan abubuwa a bayan littafinsa, ya ƙara da na gundumarsa, kamar naɗin wane da rasuwar wane da shekarar ambaliya, domin ya riƙa gwada maganar shaidu da su.

Me ya sa ake son taɓa shekara? Dalili shi ne, doka ta ce wanda ya haura shekara 30 a ranar da ya gama karatu ba ya zuwa hidimar ƙasa, sai a ba shi takardar ɗauke nauyi. Yara suna ganin sun yi hasarar alawus na shekara guda. Kuma ma'aikatu da yawa, musamman masu kaki, suna yanke iyakar shekarun wanda za su ɗauka. Sai a zo a roƙi malami ya rage shekara biyu ko uku, a ce taimako ne. Ranku ya daɗe, ba taimako ba ne. Shekarar fari tana nan kwance cikin rajistar hukumar jarrabawa, ba ta gogewa. Ma'aikacin Gwamnati bisa ƙa'ida yana barin aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga, kuma a duk lokacin da aka yi tantance ma'aikata abin da ake fara dubawa ke nan. Wanda aka kama da shekara biyu yana iya rasa aikin, ko ya sha wuya wajen fansho yana tsoho ba mai ƙarfin bin ofis. Takardar kuwa da hatimin uban ƙasa a jikinta. Ya kamata kuma a sanar da yara cewa takardar ɗauke nauyi karɓaɓɓiya ce wajen neman aiki daidai da ta wanda ya yi hidimar.

Shekarar hidimar ƙasa

Janar Yakubu Gowon ne ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka sani da NYSC, ran 22 ga Mayu 1973, shekara uku bayan ƙare yaƙin basasa. Nufinsa 'yan ƙasa masu ilmi su zauna cikin jama'ar da ba tasu ba, su san juna. Saboda haka bisa al'ada ba a barin mutum a jiharsa. Ɗan Zurmi yana iya samun kansa a Oyo ko Kuros Riba, inda bai san kowa ba, bai kuma saba da abincinsu ba.

Ana farawa da mako 3 a sansani ƙarƙashin horon soja. Tun kafin asuba ake busa musu ƙaho, a yi fareti, a yi lacca, kuma tun 2012 aka ƙara musu da koyon sana'a. Daga nan a rarraba su wuraren aiki, yawancinsu makarantu. Rana ɗaya a mako ta aikin gayya ce, kowane wata kuma sai mutum ya je an tabbatar yana bakin aikinsa kafin a biya shi. Alawus ɗin ya kasance Naira 19,800 daga 2011, ya koma 33,000 a 2020, aka fara biyan 77,000 a 2025, bayan an mai da mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa 70,000 a 2024. Kada lambar ta ruɗi iyaye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Wanda zai ci, ya sha, ya biya ɗaki a baƙon gari, abin da zai aiko gida kaɗan ne, in ma akwai.

Matar aure tana da damar neman a mai da ita jihar da mijinta yake, haka kuma mai ciwon da likita ya shaida. Wannan yana da amfani a sani, gama akwai gidajen da ke hana 'ya mace karɓar kira don tsoron nisa, ta zauna ba takardar hidima, alhali doka ta hana a ɗauki mai digiri aiki sai ya nuna ta, ko ta ɗauke nauyi. Shekarun da aka yi ana biya mata karatu sai su tashi a banza.

Maganar hanya ba abin ɓoyewa ba ce. A watan Agusta 2023 'yan bindiga suka tare mota a cikin jihar nan, suka kwashe matasa 8 'yan Akwa Ibom da ke kan hanyar zuwa sansanin Sakkwato, na ƙarshensu bai kuɓuta ba sai bayan kimanin shekara guda. Namu masu tafiya a gargaɗe su kada su yi tafiyar dare, ko da kuwa za su makara. Na wasu kuma da aka turo mana, amana ce. Baƙon da ya sauka Ƙaura ko Shinkafi da kakinsa da jakarsa, bai iya Hausa ba, uban ƙasa ne ubansa. A sa mai unguwa ya san ɗakin da yake kwana, a gaya masa hanyar da ake bi da wadda ba a bi, da lokacin da ake shiga gida. Sau da yawa shi kaɗai ne mai koyar da lissafi ko kimiyya a makarantar garin. Ranar da ya nemi a sauya masa wuri, 'ya'yanmu ne za su zauna aji ba malami.

Zaman jira

Ranar da aka miƙa wa yaro takardar gama hidima, ran nan alawus ya yanke. Ya komo ɗakinsa na zaure ko na soro, wanda ya bari tun yana sakandare. Kwana uku na fari ana ta zuwa yi masa barka. Bayan wata uku kuwa gaisuwar ta zama tambaya: “Har yanzu shiru?”

Ga yadda yininsa yake. Ya yi sallar asuba, ya koma ya kwanta, don ba inda za shi. Da hantsi ya karɓi koko daga cikin gida, yana jin nauyin karɓa, gama ƙannensa da ba su yi rabin karatunsa ba sun riga sun fita gona ko sun hau babur. Ya kai wayarsa shagon caji, ya sayi data ta 'yan kuɗi kaɗan, ya shiga duba ko wata ma'aikata ta buɗe shafin ɗaukar aiki. In ta buɗe, ya tafi shagon mai kwamfuta a cike masa, a buga, a yi hoto. In Allah ya sa an kira shi jarrabawa a Gusau ko Kaduna ko Abuja, sai an sayar da tunkiya ko buhun gero kafin ya sami kuɗin mota. Ya je, ya tarar da ɗaruruwa irinsa, ya dawo, shiru. Da la'asar ya tafi majalisa gindin bishiya, a sha shayi, a yi gardamar siyasa da ƙwallo har isha. Tun da neman aiki ya koma kan waya, abin da ya taɓa waya ya taɓa shi. A watan Satumba 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma hana cin kasuwannin mako, masu neman aiki sun yi makonni ba su san abin da ake ciki ba, sai wanda ya iya tafiya inda waya ke kamawa.

Wannan zama shi ne mafi haɗari cikin dukan tafiyar. Mai ilmi ne, da ƙarfinsa, da ɓacin rai, ba abin yi. A nan ɗan siyasa ke samun yaran da zai riƙa aikawa, a nan mai sayar da ƙwaya ke samun ciniki, kuma a ƙasar da daji ya ɓaci ba sai an faɗi sauran ba. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya. Abin da ke hana yawancinsu kama sana'a ba ƙyuya ba ce, kunya ce, da tsoron a ce wai mai digiri ne ke auna hatsi. Kuma mu ne muka koya musu kunyar, da muka yi shekaru muna gaya musu boko hanyar kujera ce. To, wanda ya ɗaura shi ke iya kwancewa. In uban ƙasa ya tsaya da motarsa a rumfar yaron da ya gama jami'a yana gyaran waya, ko yana haɗa wutar sola, ko yana hada-hadar kuɗi da na'urar cire kuɗi, ya gaishe shi gaban jama'a, ya sa masa albarka, ya yi wa sana'ar nan abin da wa'azin wata guda ba zai yi ba. Haka wanda ya karanta aikin gona ya nemi a ba shi aron fadama a bakin Gagare ko Bunsuru, inda zaman lafiya ya bari a shiga, ko wanda ke son rumfa a kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis. Waɗannan abubuwa ne da bakin uban ƙasa ke iya buɗewa har gobe.

Takardar shaidar asali da masu sayar da aiki

Ayyukan Gwamnatin Tarayya rabo ake yi tsakanin jihohi, akwai ma hukuma musamman da aka kafa a 1996 don lura da daidaiton rabon. Ba a sanin rabon wa mutum zai ci sai da takardar shaidar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa, ita kuma takan dogara ga shaidar mai unguwa da dagaci da uban ƙasa. Watau duk takardar da aka sa wa hannu don wanda ba ɗan gunduma ba ne, gurbin wani ɗan gunduma aka ba shi. Amma a yi hattara da ɗaya gefen. Ƙauran Namoda gari ne da jirgi ya tara wa jama'a, akwai gidajen da kakanninsu suka zo tun zamanin ciniki, a nan aka haifi uba, a nan aka haifi ɗa, ba su san wani gida ba. Akwai kuma dubban da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suka fake a manyan garuruwa, dagacinsu yana wani wuri, su suna wani. Kada gudun hijira ya sa yaro ya rasa mai shaidarsa. A bincika, a kira dattawa biyu da suka san gidan, a rubuta sunayensu a littafi, kana a sa hannu.

Sai masu cewa suna da hanya. Kusan kowane gari akwai wanda ke yawo da labarin yana da mutum a Abuja, a kawo kaza a sami takardar kama aiki. Ba ƙage ba ne cewa ana sayar da gurabe, gama a 2023 wani kwamiti na Majalisar Wakilai ya binciki maganar, har aka sami ma'aikacin da ya amsa ya karɓi kuɗi. Amma mafi yawan masu yawo a ƙauyuka ko gurbin ma ba su da shi. Uba ya sayar da gona ko shanun noma, a kawo masa takarda mai tambari, yaro ya tafi kama aiki a ce ba a san da shi ba, wani lokaci ma a tsare shi a kan takardar jabu. Wanda aka cuta ba ya iya kai ƙara, don shi ma ya san abin da ya yi bai halatta ba. In aka zo zaure neman shaidar cinikin gona, malami ya ji dalilin sayarwar shi ne sayen aiki, to ya sanar da uban ƙasa kafin a rubuta kome.

Bakin aiki

Wanda Allah ya ci da shi ya sami aikin Gwamnati, mai digiri a mataki na 8 yake shiga, kuma yakan yi shekara 2 a matsayin gwaji kafin a tabbatar da shi. Albashin fari ba safai yake zuwa ƙarshen watan fari ba, sai an buɗe masa fayil, an shigar da sunansa cikin na'urar biya. Watannin nan da bashi yake cin su. In koyarwa ce, digiri kaɗai bai isa ba ga wanda bai karanta fannin ilmi ba, sai ya ƙara da diflomar koyarwa, ya kuma yi rajista da hukumar rajistar malamai. Wanda ya yi karatu da rancen ɗalibai da aka kafa da dokar 2024, shi ma ya sani bashi ne, ana fara biya shekara 2 bayan gama hidima, kashi 10 cikin 100 na albashi.

Kafin albashin ya iso an riga an raba shi. Uwa tana jiran magani, ƙane yana jiran kuɗin jarrabawa, gwaggo ta fara maganar lefe, gama a ganinta ya daɗe. Yaron da ya ƙi, a ce boko ya ɓata shi. Wanda ya biye wa kowa kuwa, kafin shekara ya nutse cikin bashi, daga nan hannunsa ya fara kai wa abin da ba nasa ba. Dattawa su ne za su iya ce wa dangi a saurara masa ya tsaya da ƙafafunsa tukuna.

In aka tura shi makarantar ƙauye ko ƙaramin asibiti, sau da yawa ba ya kwana can. A Ƙaura ko Zurmi ko Shinkafi yake kama ɗaki, ya riƙa bin babur da safe in hanya ta yi kyau, kuɗin babur kuma ya cinye sashi mai yawa na albashin. Kafin dagaci ya kawo ƙarar malami ba ya zuwa, a tambaye shi ko garin ya ba malamin ɗaki, ko kuwa an taɓa raka shi hanya. Akwai mai fashin aiki da gangan, wannan a rubuta shi a aika gaba ba tare da jin nauyin ubansa ba. Amma a rarrabe shi da wanda tsoro ya hana.

Abu na ƙarshe da muke roƙon kowane malamin gunduma ya yi shi ne ya buɗe littafi guda na masu ilmin gundumarsa. A kowane layi ya sa suna kamar yadda yake a satifiket, da sunan uba, da unguwa ko ƙauye, da makarantar da aka gama, da fanni, da shekarar gamawa, da shekarar hidima, da abin da mutum yake yi yanzu. Kada a bar mata a baya, ko da sun yi aure a wani gari. Ranar da ƙaramar hukuma ta aiko tana neman malaman makaranta ko ma'aikatan lafiya ko masu aikin ƙidaya cikin kwana biyu, daga littafin za a ɗauko sunaye, ba daga bakin wanda ya fi kusa da zaure ba. A riƙa sabunta shi sau biyu a shekara, bayan kowace Salla, lokacin da yawancinsu suke gida.